Mai ɗaurin littafi na Harobanda da tsofaffin mujallun ƙasar Sin

Da gangan na yi jinkirin rubuta wannan. Na karɓi aikina a ƙarshen Maris, amma na ce sai na ga yadda ɗaurin zai yi da zafin Afrilu da Mayu, don na sha ganin littafin da gam ɗinsa ya narke a cikin jaka ya dawo ganye-ganye. Yanzu damina ta sauka, littattafan nan goma sha biyar sun sha hannun mutum takwas kowace Asabar, ko shafi ɗaya bai ɓalle ba. To yanzu ina da bakin magana.

Shagon yana unguwar Harobanda a Yamai, idan ka tsallaka gadar Kennedy ka nufi Jami'ar Abdou Moumouni, cikin jerin shagunan fotokopi da ɗalibai ke cikawa. Mai shi ya roƙe ni kada in sa sunansa, ya ce aikin da ke hannunsa ma ya ishe shi. Ɗaki ɗaya ne, injin fotokopi biyu, kwamfuta ɗaya, fanka a rufi, da wani dogon tebur a can ciki inda yake zama da basilla da zare da guntayen fata. Teburin nan shi ya bambanta shi da maƙwabtansa.

Ni tafinta ne. Na yi shekara biyar a Shangai ina karatu, kuma rubutun kammala digirina na biyu a kan wata mujallar adabi na yi shi. Da na dawo gida abin da ya ciyar da ni shi ne fassara tsakanin injiniyoyi Sinawa da leburorinmu a wurin gini, siminti da ƙarfe da awon rodi. Amma son abin da na karanta bai bar ni ba. Shekara biyu ke nan ina tara wasu yara bakwai da suka yi nisa a Sinanci, muna zama ƙarƙashin rumfar gidana a Talladje muna karatu. Da waya muke yi, kowa ya sunkuya yana jan shafi da yatsa. Tsohuwar mujalla a fuskar waya kamar leƙa kasuwa ne ta ramin ƙofa: ka ga rumfa ɗaya, ba ka ga maƙwabciyarta ba. Shi ya sa na yanke shawarar a buga min su a takarda, a ɗaure kowace fitowa ita kaɗai, daga bango zuwa bango, yadda mai saye ya same ta a lokacinta.

Abin da na kai masa a kile na USB, hotunan shafuka ne wajen 2,000. Fitowa biyu ta Xin Qingnian, wato Sabon Matashi, mujallar da Chen Duxiu ya kafa a Shangai a watan Satumba na 1915: ta Janairu 1917, wadda Hu Shi ya yi kira a cikinta a riƙa rubuta adabi da harshen da mutane ke magana da shi, da ta Mayu 1918, wadda ta fito da labarin nan na Lu Xun a kan kundin mahaukaci. Sai fitowa goma sha biyu ta shekarar 1921 ta Xiaoshuo Yuebao, mujallar ƙagaggun labarai mai fita wata-wata. Sai fitowar farko ta Xiandai, wata mujallar adabi ta Shangai, ta Mayu 1932.

Ranar farko ban tarar da mai shago ba, ya tafi jana'iza. Yaronsa na samu, saurayi ɗan shekara sha tara ko ashirin, mai ladabi da saurin hannu. Na ce ya fara da fitowa uku a gani. Da na dawo bayan kwana biyu ya miƙo min su da fara'arsa, an sa musu sipiral baƙi a gefen hagu kamar rubutun ɗalibai, kuma sun yi sirara fiye da yadda nake tsammani. Ya ce, "Mushe, na cire maka tallace-tallace da hotuna da shafukan da babu komai, don kada ka biya kuɗin banza. Kusan jika ɗaya na rage maka."

Na zauna a bencin ƙofa na daɗe ban ce komai ba. Ba fushi nake ba, don yaron alheri ya nufe ni da shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da hannunsa a kwana biyu ya maimaita abin da masana suka yi wa mujallun nan shekaru da dama.

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake, don wanda bai sani ba zai ce talla ce kawai. Sabon adabin ƙasar Sin a mujallu aka haife shi. Tun 1872 gidan jaridar Shenbao ya fara fitar da mujallar adabi a Shangai, a 1902 kuma Liang Qichao ya kafa tasa a Yokohama ta Japan yana cewa da ƙagaggen labari za a gyara al'umma. Kusan duk marubucin da ake ji da shi a yau, a mujalla aka fara ganin rubutunsa, littafi daga baya ya zo. Amma a 1935 da 1936 wani matashin edita, Zhao Jiabi, ya tara manyan masu wannan yunƙuri suka fitar da kundi mai mujalladi goma na shekara goman farko na sabon adabin. Hu Shi da Lu Xun da Mao Dun da Zheng Zhenduo duk suna cikin masu zaɓen. Aiki ne babba, kuma mujalladi na goma da A Ying ya haɗa, mai jerin mujallu da marubuta, har gobe ana komawa gare shi. Sai dai mutanen da suka yi kokawar su ne suka zauna suka yanke wanda ya yi kaye. Suka tsamo labarai da waƙoƙi daga cikin mujallu kamar mai tsamo nama daga miya, suka bar sauran. Bayan 1949, da aka mayar da wannan adabi darasi a jami'o'i, littafin tarihi na Wang Yao ya fito a 1951, aka ci gaba a kan wannan turba, siyasa kuma ta ƙara ƙunci ga wanda za a ambata da wanda za a yi shiru a kansa. Mujalla ta zama rumbun da ake shiga a ɗebo rubutun wane a fito. Har a ɗakunan karatu, idan an tashi haɗa fitowar shekara guda a bango ɗaya, sau da yawa ana cire bangwayen asali da shafukan talla a zubar. Na riƙe irin waɗannan da hannuna a Shangai.

Sai a ƙarshen shekarun 1970 iska ta juya. A 1978 aka kafa mujallar Xin Wenxue Shiliao domin tattara shaidar tsofaffin marubuta da editoci tun suna da rai. A 1988 Tang Yuan da abokan aikinsa suka fitar da jerin abubuwan da ke cikin mujallu sama da 270, fitowa bayan fitowa, wanda a da sai mutum ya bi gari-gari kafin ya san abin da ke ciki. A waje kuma Perry Link ya rubuta littafi a 1981 a kan marubutan soyayya da nishaɗi na Shangai, waɗanda masu sabon adabi suka raina alhali su talaka ya fi karantawa. A 2003 Michel Hockx ya kawo hujjar cewa fitowa ɗaya ta mujalla aiki guda ce da hannu da yawa suka yi, don haka a karanta ta a kwance, abu kusa da abu, kada a tsinci ɗaya a gudu. Malamata a Shangai ba ta yarda ka buɗe baki a aji a kan wani labari ba sai ka faɗa mata abin da ke shafin gabansa da na bayansa, da farashin mujallar, da wanda ya buga ta.

Ina cikin wannan tunani mai shago ya shigo. Dattijo ne ɗan Adar, zai haura sittin, da tabarau a rataye a wuya. Muka gaisa, na yi masa gaisuwar rashi, sannan na yi masa bayani. Ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya tambaye ni abu ɗaya tak: "Malam, wanga rubutu daga ina shika farawa?" Na nuna masa: daga sama zuwa ƙasa, layi na farko a hannun dama, ana tafiya hagu. Ya ce, "To ai ɗaurin Alƙur'ani ne. Yaro ya ɗaure maka shi ta baya." Ya juya ya ce wa yaron a sake bugawa gaba ɗaya, har shafin da babu komai a kansa, kuma takarda da tawadar da aka ɓata a wuyan shago suke. Bai ɗaga masa murya ba, ban kuma roƙi ragin ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuya. Ana cikin sake bugawa aka ɗauke kuran, da ya dawo fanka ta tashi ta watsa tarin takardun da ke kan tebur. Yaron ya tattara, ya lura da kansa cewa sanda ɗaya a gefen shafi ɗaya ce, biyu biyu, uku uku, ya ce zai jera. Sai ya tarar da shafi na ɗaya har guda goma sha wani abu. Dalili kuwa, a yawancin mujallun wancan zamani kowace maƙala da tata ƙidayar shafi, tana ƙarewa ta gaba ta sake farawa daga ɗaya. Da aka kira ni na zo, dattijon ya yi murmushi ya ce wannan ba baƙon abu ba ne gare shi. Mahaifinsa baduku ne a ƙasar Tawa, gafaka da tadarishi yake yi wa malamai, kuma littattafan da ake kawo masa warwara ne, ba ɗinki ba lamba, sai dai kalmar farko ta ganye na gaba da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi. Ya ce, "Abin da munka gada ke nan, ganye ba shi ɓacewa in an ba shi shaida." Ya sa na zauna gaban kwamfuta ina buɗe shafi ɗaya-ɗaya, shi yana nemo shi a tari yana sa masa lamba ƙarama da fensir a ƙasa. Yamma biyu muka yi a haka. Daga nan ya kafa doka: kowace fitowa ana gama buga ta a sa mata lamba a ɗaure ta da igiya kafin a taɓa ta gaba.

Ɗaurin kansa ɗinkin gefe ne. Yana huda da basilla, ya bi da zare mai kakin zuma, ya sa kwali mai kauri, ya lulluɓe ƙashin bayan da jar fatar akuya. Ba ya amfani da ƙullun fulawa saboda gara da kyankyasai. Ya ƙara faɗin gefen da za a ɗinke tun a wurin bugawa, don kada ɗauri ya cinye layin da ke kusa da shi, abin da ni ban yi tunaninsa ba sam. Littafin ba ya kwanciya shar idan ka buɗe shi a tebur, sai ka danne da hannu, wannan shi ne halin ɗinkin gefe. Amma ƙarfi kam, sai dai takarda ta yage.

Akwai inda shagon ya gaza, kuma wanda zai je gara ya sani. An ce min kwana goma, sai da aka yi ashirin da huɗu, saboda lokacin ya zo daidai da na ɗalibai masu ajiye rubutun ƙarshen shekara, su kuwa a tsaye suke a kansa har dare. Ba ya ɗaukar waya idan yana ɗinki, sai ka tako da ƙafarka. Ƙaramin injin wutarsa inji ɗaya kawai yake ja. Tawadar injin na biyu ba ta da ƙarfi, kuma tsofaffin haruffan Sinanci masu zane goma sha biyar ko ashirin, idan an rubuta su ƙanana a bayanin ƙasan shafi, ko dai su dushe ko su cure su zama ɗigo. Fitowar Yuni da ta Yuli 1921 sai da aka sake wajen shafi arba'in a cikinsu, wannan kuma ni na biya. Ba su da bugu mai launi, don haka bangwayen sai da na tsallaka kogi na bugo a Plateau na kawo masa. Kwamfutarsu kuma ta sa wa kilena cuta, saboda haka kada ka kai wanda ba ka da kwafinsa a gida. Wurin zama benci ɗaya ne, rana tana dukansa daga azahar.

Kuɗi: dala uku kowane shafi tun da aikin da yawa, ɗauri jika biyu kowane littafi da fatarsa. Duka-duka, har da bangwaye masu launi da shafukan da aka sake, na kashe kusan jika 66. A albashin tafinta ba ƙaramin abu ba ne, na raba shi wata biyu, kuma dattijon bai taɓa tuna min ba.

Abin da kuɗin ya saya shi nake son in daɗe a kai. Asabar ta farko na aza fitowar Mayu 1918 a tabarma. Duk yaran sun karanta labarin mahaukacin nan a waya, sun san gabatarwarsa da tsohon harshen malamai aka rubuta ta, kundin kuma da harshen baka. Amma ba su taɓa ganin inda ya zauna ba. Suka ga bai zo a farkon mujalla ba, a tsakiyar maƙaloli da muhawara yake. Suka ga wasu gajerun waƙoƙi da sa hannun wani Tang Si, na ce musu ai mutum ɗaya ne, Zhou Shuren, wanda a wannan fitowa ya fara kiran kansa Lu Xun, kuma a rayuwarsa ya yi amfani da sunayen aro sama da ɗari. Gano wane ne wane a bayan irin waɗannan sunaye ya ci rayuwar masana da yawa. Suka ga a fitowar dai ƙanensa Zhou Zuoren ya fassara maƙalar wata marubuciya ƴar Japan, Yosano Akiko, a kan tsarkin mace da wanda ake ɗora wa nauyinsa. Wata ɗaliba ta ce, ashe mahaukacin da ke cewa al'ada tana cin mutane ba shi kaɗai yake ihu ba, ɗakin cike yake da masu magana.

Shafukan tallan da yaron ya so ya rage min kuwa, su suka ɗauke mu Asabar biyu. Xiaoshuo Yuebao ta kamfanin Commercial Press ce, babban gidan ɗab'i na Shangai a lokacin, wanda littattafan lakkwal ne jarinsa. Tun 1910 take fita da salon da. A 1920 ma'aikatar ilimi ta ba da umurni a koyar da ƴan aji ɗaya da biyu na firamare da harshen baka. Shekara na zagayowa kamfanin ya danƙa mujallar a hannun Shen Yanbing, saurayi ɗan shekara 24, wanda duniya ta sani daga baya da Mao Dun, shi kuma ya cika ta da rubutun ƴan ƙungiyar nazarin adabi da aka kafa a Bejin a Janairun 1921. Littattafan tarihi suna ba da wannan a matsayin nasarar sabon tunani, kuma haka ne. Amma idan ka buɗe fitowar ka ga tallan ƙamus da littattafan makaranta da sauran mujallun kamfanin sun kewaye labaran, za ka gane akwai ɗan kasuwa a zaune yana lissafin inda masu saye suka dosa. A shekarar ce kuma marubutan da aka ture suka farfaɗo da tasu mujallar, Libailiu, wato Asabar. Mao Dun shekara biyu kawai ya yi a kujerar, Zheng Zhenduo ya gaje shi a 1923. Ni a ganina wanda ya karanta labaran ba tare da tallan ba, rabin zance ya ji.

Fitowar Oktoba 1921 ita ta fi taɓa yaran. Gaba ɗayanta an keɓe ta ga adabin al'ummomin da aka zalunta: Polan, Finlan, Bulgeriya, Cek da makamantansu, ƙananan ƙasashe da manya suka danne. Ɗaya daga cikinsu, mai karatun adabi a jami'a, ya ce wannan ai ita ce ƙishirwar da ta sa Alioune Diop ya kafa mujallar Présence Africaine a 1947, neman ƴan'uwa a wahala ta hanyar fassara. Muka daɗe a kan wannan har aka kira magariba. Daga nan zance ya gangaro gida: Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, da jaridun yaƙi da jahilci na ƙasarmu, wa ya zauna ya jera abin da ke cikin kowace fitowa, da wasiƙun masu karatu, da waƙoƙin da aka aiko daga ƙauyuka? Nawa ne gara ta ci, nawa aka ƙunshe ƙosai da su? Xiaoshuo Yuebao kanta wuta ce ta kashe ta. A ƙarshen Janairun 1932 jiragen Japan suka yi wa kamfanin ruwan bama-bamai, ƴan kwanaki bayan haka babban ɗakin karatunsa ya ƙone, har da rubutun hannu na wani littafin marubuci Lao She da ke jiran bugawa. Abin da ya tsira, ya tsira ne don akwai kwafi a hannun mutane a wasu garuruwa. Xiandai da Shi Zhecun ya shirya ta fito wata uku bayan haka, a garin da toka ba ta gama hucewa ba.

Wanda ke da rubutun digiri na gaggawa, maƙwabtan dattijon nan za su yi masa sipiral a minti goma, ya je can. Wanda ke da abin da yake son jikokinsa su buɗe, tsohon kundin ajami ne ko takardun gado ko jaridun mahaifinsa, ya kai nan, ya guji watannin da ɗalibai ke ajiye aiki, ya kuma ware yamma ɗaya ya zauna tare da shi.

Makon jiya na koma da sabon aiki, fitowar Xin Qingnian ta Yuni 1918 da aka keɓe wa Ibsen, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Norway. Yaron ne ya karɓi kile. Ya buɗe bangon a kwamfuta ya nuna da yatsa ya karanta da ƙarfi, "La Jeunesse," ya ce tun rannan yake son ya tambaye ni abin da Faransanci ke yi a kan mujallar Sinawa. Na ce masa Chen Duxiu mai son Faransa ne ƙwarai, a fitowar farko ma ya rubuta maƙala a kan abin da Faransawa suka ba duniya, kuma Xiandai ita ma tana da nata sunan, Les Contemporains. Ya jinjina kai. Sannan ya ƙirga shafukan, har da biyu farare a ƙarshe, ya rubuta adadin a takarda ya miƙa wa maigidansa, ya tashi ya kashe fanka kafin ya kunna inji.